Yadda Maigida Zai Sa Ma'aikatansa Su Riƙi Aiki da Kishi

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin iyayen gida a Kano, daga shagunan Kantin Kwari da Singa har masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa, bai wuce ɗaya ba: yaran yanzu ba su da kishin aiki. Idan maigida yana nan kowa na kai-komo, da ya ba da baya sai a zauna a kama latsa waya. Mai saye ya shigo, babu mai miƙewa. Inji ya soma wata ƙara da ba a saba ji ba, mai aiki da shi ya ji sarai, amma ya yi shiru don ba na ubansa ba ne. Wannan shi ne aikin ganin ido, kuma a ganinmu ɓarnarsa ta fi ta sata, domin ita sata ana gane ta ranar da aka ƙirga kaya, shi kuwa sai dai a ga ciniki yana ja da baya ba a san dalili ba.

Kamfanin Gallup na Amurka, wanda ya daɗe yana bin wannan batu, ya ce a 2023 kashi 23 cikin 100 ne kacal na ma'aikatan duniya suka sa zuciyarsu a aikin da suke yi, a 2024 kuma adadin ya sauka zuwa 21. Abin da ya fi shafar mu a bincikensu shi ne, kimanin kashi 70 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin rukunin ma'aikata masu himma da marasa himma yana komawa ne ga wanda ke shugabantarsu kai tsaye. Don haka kafin ka ce yara sun lalace, fara duba irin riƙon da kake yi musu, kai Alhaji mai shago, ko manajan masana'anta, ko ke Hajiya mai makaranta ko shagon ɗinki. Gyaran kuma yana da jeri. Wanda ya fara da walima da rabon atamfa alhali ana bin sa albashin wata biyu, kuɗinsa kawai ya ɓata.

Haƙƙi tukuna

Tun 1959 masanin halayyar ɗan'adam Frederick Herzberg ya nuna cewa abubuwan da ke hana ma'aikaci ɓacin rai daban suke da waɗanda ke sa shi ƙwazo. Albashi da yanayin wurin aiki suna cikin na farko: gyara su kaɗai ba zai sa mutum ya zage damtse ba, amma idan sun lalace babu wani abin da za ka yi ya yi tasiri. Mu kuma mun taso da hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Tsayar da ranar albashi guda, misali 28 ga wata, ka faɗa wa kowa, kada ta motsa. Idan ta faɗo Lahadi, a biya kafin nan. Hanya mafi sauƙi ta kiyaye ta ita ce ka raba jimillar albashin wata gida huɗu, kowane mako ka cire kashi ɗaya daga ciniki ka ajiye a asusun da ba a taɓa shi don sayo kaya. Yawancin jinkirin albashi a kasuwa ba rashin kuɗi ke kawo shi ba. An ga kaya da araha ne aka zuba kuɗin a kai, da nufin a mayar kafin ƙarshen wata, kayan kuma suka ƙi fita. Idan an shiga matsi na gaske, tara mutane mako guda kafin ranar, ka faɗa musu gaskiya da ranar da za a biya. Fara da masu ƙaramin albashi, maigadi, masinja, mai shara, leburori, a biya su cikakke, manya su ne za su jira. Kuma a watan da ake bin ka albashi kada a ga sabuwar mota a ƙofar kamfani.

A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, gwamnatin Kano ta sa wa nata ma'aikatan 71,000. Dokar ta hau kan mai ma'aikata 25 zuwa sama. Mai yara shida doka ba ta kama shi ba, amma yaransa kasuwa ɗaya suke cefane da kowa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke cinye albashi. Zauna da kowane ma'aikaci ka tambaye shi daga ina yake zuwa, A Daidaita Sahu nawa yake hawa, nawa yake biya zuwa da komawa, ka ninka sau 26, wato kwanakin aiki na wata. Wanda ke tasowa daga Kurna ko Rijiyar Lemo zuwa Sharaɗa ba ɗaya yake da na Ja'en ba. Idan kuɗin mota ya kai rubu'in albashinsa, ka sa a ranka zai riƙa makara, zai riƙa fashi a makon ƙarshe na wata, kuma da ya samu wuri kusa da gida zai tafi. Ware kuɗin mota daban, a biya mako-mako, ya fi ƙarin albashi na daidai wannan adadin amfani, domin albashi yakan ƙare a bashin mai shago tun ranar da ya shigo.

Sai rubutu. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana aikinsa, albashinsa, lokutan aiki da yadda za a rabu. Ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya da albashi idan likita ya tabbatar, da hutun awa guda idan aikin yini ya kai awa 6, da kwana guda a kowane bakwai. Mace tana da mako 12 na haihuwa, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aiki, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma ya shafi masu aikin hannu da akawuna. Manyan ma'aikata abin da ke kwantiraginsu ake bi. Rubuta takardar da Hausa ma, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida. Mutumin da ya san haƙƙinsa a rubuce yake ya fi natsuwa a kan wanda kullum sai ya duba fuskar maigida kafin ya nemi izinin kai matarsa asibiti.

Yanke albashi a matsayin tara shi ne abin da muka fi so a daina. Doka ba ta yarda da shi ba, kuma ko asara ce ma'aikaci ya jawo da gangan ko sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake cirewa. Ban da doka ma, dubi abin da yake haifarwa. Katan ya ɓace a sito, aka raba kuɗinsa a kan yara biyar. Huɗu daga cikinsu ba su ci ba, ba su sha ba, kuma yanzu sun koyi cewa amana ba ta kare mutum. Wani cikinsu zai nemi hanyar fanshe abin da aka cire masa, yana ganin haƙƙinsa ya ɗauka. Maganin ɓatan kaya tsari ne: makullin sito a hannun mutum ɗaya, a ƙirga kaya duk lokacin da wani zai miƙa wa wani, su biyun su sa hannu a littafi.

Mai ma'aikata 15 zuwa sama, dokar fansho ta 2014 ta hau kansa: shi kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a tura asusun fanshon ma'aikaci cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. A albashin naira 100,000, kai 10,000 ke nan, ma'aikaci 8,000. Kada ka kuskura ka cire ba ka tura ba. Ma'aikaci yana iya duba asusunsa ta waya, kuma ranar da ya ga babu komai, duk wata magana ta amana da za ka yi musu ta mutu. Akwai kuma kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake biya wa NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, domin wanda inji ya ci wa yatsa kada ya koma yawon neman taimako.

Kowa ya san aikinsa da mai ba shi umarni

Tambayi ma'aikacinka ya faɗa maka manyan ayyukansa uku, kai ma ka rubuta naka ukun a gefe kafin ya amsa. Sau da yawa ba za su zo ɗaya ba. Rubuta wa kowane matsayi shafi guda: abin da zai yi, yadda za a gane ya yi daidai, wanda zai kai wa rahoto, da iyakar abin da zai iya yankewa da kansa. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa. Yaron shagon da sai ya buga waya kafin ya rage naira 500 a turmin atamfa ba zai taɓa jin shagon nasa ne ba, mai sayen ma kafin maigida ya ɗauki waya ya shiga shagon gaba. Ka ce masa: daga farashi kaza zuwa kaza sallama da kanka, ƙasa da haka kira ni, bashi kuwa ba ka bayarwa sai ga waɗannan mutanen da na rubuta. Bayan wata uku idan bai ba ka kunya ba, faɗaɗa masa.

A kasuwancin gida akwai wata cuta ta musamman, wato yawan iyayen gida. Alhaji ya ce a loda motar Maraɗi, ƙaninsa ya zo ya ce a sauke a fara da ta Gusau, ɗansa da ya dawo hutun makaranta ya aiki direban kamfani wani wuri. Ma'aikacin da ya sha faɗa sau biyu a kan bin umarnin wani zai koyi tsayawa ya jira, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Mutum ɗaya, shugaba ɗaya. 'Yan gida da ba su da matsayi a wurin, saƙonsu ya bi ta hannunka.

Masu kula na tsakiya

Idan ma'aikata sun wuce goma sha biyu, ba kai suke gani kullum ba. Mai kula da sashensu suke gani, kuma halinsa shi ne halin kamfanin a wurinsu. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ɗauko wanda ya fi kowa iya aikin hannu a ɗora shi a kan sauran ba tare da an koya masa komai ba. Sai a yi asara biyu: an rasa gwanin tela, an samu shugaba mai tsawa. Kafin ka naɗa mutum, duba wa yara ke zuwa wurinsa da tambaya ba tare da an tura su ba, wa ke iya gyara kuskure ba zagi. Kada ka ba mutum ɗaya fiye da takwas zuwa goma. Ka hana abu uku a fili: zagi, musamman na iyaye, aiken ma'aikaci hidimar gida, da karɓar wani abu a hannun na ƙasa don a sa shi a aikin dare mai ƙarin kuɗi ko a ba shi hutu. Na ukun yana yaɗuwa a masana'antu ba tare da mai kamfani ya sani ba, kuma ba za ka ji shi ba sai kana zagawa da kanka a lokutan da ba a zata ba, har da cikin dare.

Kowane mai kula ya zauna da kowane mutum nasa minti goma sha biyar sau ɗaya a mako biyu, su biyu kawai. Kai ma ka yi wa masu kula haka.

Sauraro a wurin da ba a saba musu da babba ba

Nan ne aka fi shan wahala, domin tarbiyyarmu ta koya wa na ƙasa kada ya ɗago ido ya gyara wa babba magana. Ka tara ma'aikata ka ce akwai mai matsala, za a ce "babu komai, ranka ya daɗe". Ka kawo shawarar da kowa ya san ba za ta yi aiki ba, za a ce "to, Alhaji, Allah ya sa albarka". Wanda ya ɗauki wannan a matsayin amincewa ya yaudari kansa. Kunya da ladabi abin so ne, ba kuma a ce a zubar da su ba. Tambayar ce za a sauya wa fasali ta yadda mai amsa ba sai ya yi rashin kunya ba.

Kada ka tambayi ko akwai matsala. Ka ce: "Malam, wane abu ne ya fi ɓata maka lokaci a makon nan?" Ko: "Me masu saye suka tambaya ba mu da shi?" Ko: "Da kai ne za ka kashe naira 20,000 a gyaran wurin nan, me za ka fara gyarawa?" Irin waɗannan suna da amsa, kuma amsar ba ta zama suka ga kowa ba. A taro, fara da mafi ƙanƙanta, kai ka yi magana a ƙarshe, domin da zarar ka faɗi ra'ayinka an rufe ƙofa. Mata ma'aikata sau da yawa ba za su yi magana a cikin maza ba. A ba su nasu zaman da wata babba a cikinsu wadda za ta kawo maganarsu yadda take. Taron safe kuma a tsaye ake yin sa, minti goma: me aka yi jiya, me za a yi yau, me ya tsaya. Idan ya zama wa'azin rabin awa, an daina ji.

Abin da ke raya wannan ko ya kashe shi shi ne amsa. Buɗe littafi mai gida huɗu: abin da aka kawo, wanda ya kawo, wanda zai duba, ranar amsa. Kada amsa ta wuce kwana bakwai, ko da "ba za a iya ba yanzu, ga dalili" ce. Akwatin shawara da aka rataye a bango ba a buɗewa ya fi rashinsa muni. Fara da ƙananan abubuwan da za a gani da ido a mako guda, fankar da ta mutu, makewayin da ba ruwa, fitilar sito. Idan aka ga magana tana aiki, manyan maganganu za su biyo baya.

Sai kuskure. A shekarun 1990 Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai, saboda ba sa tsoron faɗa. A masana'antun Toyota an ba ma'aikacin layi ikon jan igiya ya sanar da matsala, har layin ya tsaya idan ba a warware ta ba. Darasin a wurinmu a fili yake. Idan yaro ya zo ya ce ya yanka shaddar mutane ba daidai ba, ko ya tura kuɗi asusun da ba shi ba, kalmarka ta farko ita za ta yanke ko gobe wani zai faɗa ko zai ɓoye. Ka ce ya kyauta da ya faɗa da wuri, a gyara abin tukuna, sannan a zauna a ga ina tsarin ya yi rauni. Ka bambance kuskure da sakaci da ha'inci: na farko koyarwa yake so, na biyu gargaɗi, na uku hukunci. Gyara kuma a keɓe ake yin sa, ba a gaban masu saye ko na ƙasa da mutum ba. Idan an yi shi da mutunci, kowa ya san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abu ɗaya da ke rusa duk wannan cikin wata guda shi ne ajiye ɗan rahoto. Maigida da yawa suna da yaron da ke kawo musu tsegumi da yamma, suna ganin dabara ce. Sauran sun san shi, sun daina magana a gabansa, shi kuma don ya riƙe matsayinsa dole ya riƙa ƙara gishiri. Duk wanda ya kawo maka maganar wani, ka ce za ka kira wancan a ji ta bakinsa. Za ka ga masu kawowa sun ragu, abin da ya saura kuma shi ne na gaske.

Ɗan'uwa da bare

Ba laifi ba ne ka ɗauki ɗan yayarka aiki; zumunci ne, kuma haka kasuwancin Kano ya ginu. Laifin yana farawa ne ranar da ya zo ƙarfe goma aka yi shiru, bare ya zo tara da kwata aka kore shi gida. Ma'aikata suna haƙuri da tsanani idan ya hau kan kowa. Abin da ba sa yafewa shi ne a ce akwai shafaffu da mai. Faɗa wa ɗan'uwa tun ranar farko, a gaban iyayensa in da hali, cewa a wurin aiki dokar kowa ce dokarsa. Idan kana son taimaka masa fiye da albashinsa, yi daga aljihunka a gida.

Yi matakan albashi uku ko huɗu, ka rubuta abin da ke kai mutum kowane mataki. Kada ka dogara da cewa ba su san albashin juna ba, sun sani. Ladabtarwa ma ta bi jeri sananne: gargaɗin baki, na takarda, dakatarwa, sallama, kuma a kowane mataki a ji ta bakin mutum. Kano gari ne da ya tara kowa, kuma a masana'anta ɗaya za ka samu Bahaushe, Bayarabe, Ibo, Ba'igale da mutumin Nijar. Raba su cikin rukunonin aiki, kada kowace ƙabila ta zama sashe guda. Tsara hutu tun farkon shekara: Kiristoci su riƙe wuri a Sallah, Musulmi su riƙe a Kirsimeti, lokacin da da yawa ke son tafiya gida.

Yabo, lada da lokaci

Yabo ya zama a kan abu takamaimai kuma da wuri: "Na ga yadda ka lallashi mutumin nan da ya dawo da kaya jiya har ya sake saye, Allah ya yi albarka." Wannan ya fi "kuna ƙoƙari" sau goma. Ga wanda ya yi abin kirki na musamman, kiran mahaifinsa ko yayansa a faɗa masa yana da nauyin da kuɗi ba su da shi.

Ladan kuɗi kuwa a yi hattara da shi. Kamasho ga mutum ɗaya-ɗaya yakan sa yara su riƙa ƙwace wa juna masu saye, su ƙi shara da jera kaya, su tura bashi ga wanda ba zai biya ba. Gara a haɗa: a ware kaso daga ribar wata a raba wa duka, kuma a lissafa a kan kuɗin da suka shigo hannu, ban da bashi. A ce ribar shago naira 600,000 ce, aka ware kashi 5 cikin 100, 30,000 ke nan, yara huɗu kowa 7,500. A faɗi ƙa'idar tun kafin wata ya kama, kada a sauya ta bayan an ga kuɗin sun yi yawa. Goron Sallah daban yake, kyauta ce, kada a lissafa shi cikin haƙƙi.

Tsara lokacin salla da na Juma'a bi da bi yadda ba sai an yi satar jiki ba. A azumi a kai aiki mai nauyi safiya. Ga 'yan Kwari da teloli, azumi ne lokacin da aiki ya fi yawa, har a kwana ana yi. A yi maganar kuɗin ƙarin lokaci, buɗa-baki da sahur tun cikin Sha'aban, a kuma ba da hutu na gaske bayan Sallah. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana kai maki 40, kuma a ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka. Ruwan sanyi da ɗan hutu a tsakar rana ba alfarma ba ne. Rasuwa, suna da rashin lafiyar iyali kuma a sa musu ƙa'ida ɗaya ga kowa: kwana nawa, gudummawa nawa. Ka je ta'aziyya da ƙafarka. Ma'aikaci yakan manta ƙarin albashi, amma ba ya manta wanda ya zo jana'izar mahaifiyarsa.

Mutum ya ga gabansa

Kasuwannin Kano sun daɗe da sanin yadda ake sa ma'aikaci ya ga gabansa tun kafin a rubuta littattafan gudanarwa: yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, maigida ya yaye shi, ya ba shi jari ko ya kama masa shago ko ya riƙa ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Yaron da ya ga an yaye na gabansa ba ya bukatar a tsare shi, domin ya san amanar da yake riƙewa jarinsa ce. Inda abin ke lalacewa shi ne rashin wa'adi. Shekara takwas, tara, yaro ya yi aure ya haihu, ba a ce masa komai ba, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Daga nan sai ya fara ɗan cinikinsa a gefe da masu sayen maigida. Mafi muni, wani maigidan sai lokaci ya matso ya nemo laifi ya kori yaro. Duk yaran layin suna gani, kuma daga ranar babu mai sake yi masa aiki da zuciya ɗaya.

Yi yarjejeniya a rubuce tun farko, da waliyyin yaro da shaidu biyu, in da hali har da wani daga shugabannin kasuwa. A faɗi shekaru, a faɗi abin da za a bayar ko yadda za a lissafa shi, tunda darajar naira tana sauyawa. Kaya, kamar dila kaza ko buhu kaza, sun fi adadin kuɗi tabbas. A faɗi abin da zai biyo baya idan ɗaya ya janye a tsakiya, da kuma idan maigida ya rasu, domin sau da yawa magada ba su san da alkawarin ba, yaro ya tashi a tutar babu. Ka riƙa ware wani abu duk wata don kada ranar ta zo maka a ba-zata. Koyarwar ma a jera ta: jera kaya da sanin su, sai ciniki, sai riƙe littafi, sai a fara aikensa sayo kaya, shekarar ƙarshe kuma a ba shi ɗan kaya ya juya da kansa a ga hannunsa. Kada ka ji tsoron zai zama kishiyarka. Wanda aka yaye da daɗi yakan zama mai sari a wurinka, ya kuma kawo maka ƙannensa.

A ofis, makaranta ko masana'anta inda babu yaye, abin da ke madadinsa shi ne matakai da horo. Idan gurbi ya buɗe, a sanar a ciki tukuna. Kowane inji a samu aƙalla mutum biyu da suka iya shi, gwanin kuma a biya shi wani abu don koyarwa, in ba haka ba zai ɓoye iliminsa don tsoron a maye gurbinsa. Kamfanin da ke biyan kuɗin horo ga ITF, hukumar gwamnati mai kula da horar da ma'aikata, yana iya neman a mayar masa da wani kaso idan ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idarta.

Don ka san ko gyaran yana ci, riƙe lissafi uku duk wata: fashi da makara, yawan shawarwarin da aka kawo da waɗanda aka amsa, da yawan masu barin aiki. Na ƙarshen a shekara ake auna shi: ma'aikata 20, takwas suka tafi, kashi 40 cikin 100 ke nan. Duba daga wane sashe suka fi fita. Idan ƙarƙashin mutum ɗaya ne, ka san inda za ka fara. A watannin farko ƙorafi zai ƙaru, kada ka karaya, alama ce an fara yarda za a ji. Wanda zai tafi kuma a bi wa'adin sanarwa na doka, mako guda ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga biyar zuwa sama. A biya shi duk abin da yake bi, sannan wani wanda ba mai kula da shi ba ya zauna da shi ya tambaye shi me ya sa ya fara neman wani wurin, kuma me da an gyara da ya zauna. A rubuta amsar a littafin nan na shawarwari, a sa mata ranar dubawa kamar kowace.